Agogon Innarki a Hannuna

Warra, ƙasar Ngaski.

Zuwa ga ɗiyata Asabe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kin sauka Kaduna lafiya, hanyar Kontagora ba ta karya miki baya ba. Allah Ya sa kin tarar da masauki mai tsabta da abokan aiki na kirki, Ya tsare ki a fitarki da shigarki. Gwaggonki Kulu tana nan lafiya. Labarin gida ba shi ya zaunar da ni rubutu ba, don haka ba zan ɓata takarda a kansa ba. Ruwa yana nan inda kika bar shi, jirgi ma haka.

Shekaranjiya a tashar mota ta Yelwa, bayan an ɗaure kayanki, kin ciro agogon Innarki daga jaka, kika kama hannuna kika ɗaura mini, kika ja maɗaurin sai da ya zauna daram. Kika ce, "Baba, ka riƙa sawa. Ai ya saba da hannunka." Ba ki ɗaga murya ba, ba ki ma dubi fuskata ba. Kika shiga mota. Ni kuwa na tsaya a wurin kamar an dasa ni, har wani mai baro ya ce in ba shi hanya.

Fiye da shekara talatin ina ƙetarar da mutane a tafkin nan. An zage ni da Hausa, an zage ni da Kambarci, an zage ni da yaren da ban ma sani ba, babu wadda ta taɓa shiga jikina kamar wannan magana taki. Ashe kin sani. Shekara biyu kina dafa mini tuwo, kina wanke mini riga, kina durƙusawa ki gaishe ni, ashe kin sani. To, zan faɗa da bakina tun daga farko, kamar ba ki sani ba, domin saninki daban, faɗata daban. In kin gama karantawa kika ji bakinki ya ƙi kirana Baba, ba zan ce kin zalunce ni ba. Amma kada in ɓoye miki, abin da nake tsoro ke nan.

Kin tuna hutun ƙaramar Sallah da kika dawo daga makarantar jinya da ɗan kwali a hannu. Kika ce kin lura Innarki tana haki in ta ɗauko itace, tana dafa ƙirji in ta daɗe a bakin murhun banda. Ita kuwa ta ce hayaƙin kifi ne, kowace mai banda haka take. Kika ɗaura mata agogon, kika nuna mana koren hasken da ke ƙarƙashinsa, kika ce shi ke jin bugun zuciya ta fata. Kika ce yana ƙirga taku, yana sanin in mutum ya faɗi, in ya ji abin da bai yi masa ba zai yi karkarwa a hannu. Da yake wayar Innarki ƙarama ce, ta kira da amsawa kawai, sai kika haɗa shi da tawa babbar. Kika ce duk abin da agogo ya ji zai gaya wa wayata, wayata ta gaya wa taki, ko kina Sakkwato. Na yi dariya na ce, "Ashe ɗan tsegumi kika kawo mana gida." Innarki ta yi ta juya hannu tana kallonsa. A tsawon zamanmu ban taɓa kawo mata abin da ta kalla haka ba.

Kuskurena na farko ya faru ne ba a yi kwana goma da tafiyarki ba. Agogon ya fara karkarwa. Tana zaune tana fasa tarwaɗa sai ya yi zuuu, hoton zuciya ya fito ja a fuskarsa da wani Turanci a ƙasa. Sau uku a mako ɗaya. Kika kira ni, ina bakin ruwa ana lodin albasa. Kika ce, "Baba, bugun zuciyar Inna ba ya tafiya daidai. A kai ta asibiti a Yelwa a duba." Na ce miki to. Ke ma kin san irin "to" ɗina. Na ce a raina, matar da ta haifi shida, ta binne biyu, take tashi tun asuba ta hura wuta, ita ce wani abu mai girman kwalin ashana zai ce ba ta da lafiya? Lokacin kifi ne, fasinja sun yi yawa, zuwa Yelwa yini guda ne. Na ce bari kasuwa ta lafa. Kasuwa ba ta taɓa lafawa ba, ni ma na san haka lokacin da nake faɗa.

Don haka ga gargaɗina na farko, tunda aikin da aka ɗauke ki ke nan, ku riƙa bin ƙauyuka kuna ɗaura wa tsofaffi da masu ciki irin wannan agogo. In maigida ya ce miki "to", kada ki tashi. Ki tambaye shi wace rana, a wace mota, wa zai raka ta. In ya fara sosa ƙeya, ki sani irina kika samu. Agogo yana iya jin zuciyar mace, amma ba shi da ƙafar da zai kai ta asibiti. Ƙafar tana jikin mijinta, shi kuwa yana da kasuwa.

Na biyu shi ne babba, hannuna ma ba ya son rubuta shi. Wata safiya na fito zan tafi, na tarar da ita ta cire agogon ta ajiye a kan turmi, za ta wanke kifi. Na ɗauka ina juyawa. Na ce, "Wanga abu ai ruwa da hayaƙi za su kashe shi a hannunki." Ta ce, "Asabe ta ce ruwa ba ya yi mai komi." Na ce, "Kuma kin ga wayar da aka haɗa shi da ita tana aljihuna yini guda. Mi amfaninsa a nan, waya tana can?" Sai ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta ɗaura mini da kanta. Ta ce, "Ai kai ya fi dacewa da shi, kai ke shiga mutane."

Kin san yadda gidajenmu suke. Kan kifi na maigida ne. Sabuwar tabarma ta maigida ce. Rediyo, tocila, duk abin da ya shigo gida yana ƙyalli, hannunsa yake fara zuwa, mace ta samu in ya tsufa. Haka na tarar ubana yana yi, ban taɓa jin an kira shi zalunci ba. Ban ƙwace ba, Asabe. Da na ƙwace da ya fi, da aƙalla na san na yi laifi tun ranar. Na dai tsaya ina kawo dalili har ta miƙo, na karɓa kamar haƙƙina ne. Dalilan nan biyu da na kawo kuwa, Allah Ya sani ba su ne a zuciyata ba. So nake a gan shi a hannuna a bakin ruwa.

An kuwa gani. Tsoho da furfura, na zama abin kallo. In inji yana ruri ba a jin ƙarar waya, sai in ji zuuu a hannu, in duba in ce wane ne ke kira, fasinja su yi ta mamaki. In muna tsakiyar ruwa ya gaya mini azahar ta yi, ya nuna mini gabas ko hadari ya rufe rana. Masunta suna cewa in duba musu ko za a yi iska. Masu lodin albasa suna layi in ɗaura musu su ga bugun zuciyarsu, ina tsaye ina bayani sai ka ce ni na ƙera shi. Har suna aka sa mini, Ummaru Mai Agogo, ina amsawa ina washe baki. Abu ne mai amfani, ba zan yi masa ƙarya ba. Duk abin da aka ce yana yi, yana yi. Sai dai ba don azahar ɗina aka saye shi ba.

In kin ɗaura wa mace agogo, Asabe, ki koma bayan mako guda ba tare da sanarwa ba. Kada ki dubi hannunta kawai, domin in an san za ki zo za a mayar mata. Ki dubi hannun mijinta, ki ga ko akwai farin zobe a fata inda rana ba ta taɓa ba. Ki dubi hannun babban ɗanta. Waɗanda suka ƙera abin nan a ƙasarsu sun ɗauka wanda aka ba shi ne zai sa. Ba su san gidan da mace ke jin kunyar riƙe abu mai kyau mijinta yana kallo ba. Ke kin sani, a cikinsa aka haife ki.

Na uku. Bayan kwana huɗu ko biyar da karɓar agogon kika kira, da maraice, ina zaune a tsakar gida ita tana gefe tana tsince shinkafa. Muryarki cike da murna. Kika ce, "Baba, alhamdu lillahi, bugun Inna ya daidaita. Kwana huɗu ke nan babu ko ɗigon ja. Wataƙila da can maɗaurin ne bai zauna ba." Kika ce in ba ta wayar. Na ji kina tsokanarta, wai ina take zuwa haka, takunta ya ninka, ko ta fara tsere ne da 'yan mata. Na ɗaga kai na dube ta. Ita ma ta dube ni, ta dubi agogon a hannuna. Ta ce, "Kasuwa nake zuwa, ɗiyata. Kin san ƙafata ba ta zama." Ta yi dariya, dariyar da ta ƙare da tari.

Kalma biyar ta ishe ni a lokacin. "Agogon a hannuna yake, Asabe." Da kin yi fushi, da kin yi mini faɗa irin na ɗiya mai kunya, da washegari muna Yelwa. Na buɗe baki, sai na ji nauyin a ce ɗiyata ta kama ni da abin uwarta. Na rufe. Daga ranar ba ki sake maganar asibiti ba, don me za ki yi? Kullum kina buɗe waya kina ganin zuciya mai ƙarfi, tana bugawa daidai, kina gode wa Allah. Zuciyar ƙaton banza kike kallo, mai jan igiyar inji. Wata uku kina yi wa lafiyata murna da sunan ta Innarki.

Ita kuma ta rufa mini asiri, kamar yadda ta saba tun ranar da aka kawo ta gidana. In na yi abin kunya a gaban dangi, ita ke gyarawa. In na manta alkawari, ita ke cewa ita ce ba ta tuna mini ba. Mutane suna yabonta, suna cewa Hajara mace ce mai rufin asiri, ni ma ina alfahari da haka. Ban san rufin asirin nan ne zai rufe ta ba. Ina jin haushinta wani lokaci, Allah Ya gafarta mini, ina cewa me ya hana ta faɗa? Sai in tuna wa ya koya mata shirun. Shekara ashirin da tara ina nuna mata cewa fuskata a gaban mutane ta fi komai nata.

Ba wai ba a gargaɗe ni ba. Bulus, mai gyaran injin nan da ke ƙarƙashin ɗorawa a bakin ruwa, abokina tun muna samari, ya kama hannuna wata rana yana duba agogon. Ya ce, "Ummaru, wannan ba shi ne Asabe ta kawo wa Hajara ba?" Na ce ni da ita ai ɗaya ne. Ya ce, "A'a. Wajen tuwo kuna ɗaya, wajen zuciya kowa da tasa. Ka mayar mata." Na ji zafi a gaban mutane. Na ce ya tsaya kan fulogi da man inji, kada ya shiga gidana. Ya sake ni, ya koma kan aikinsa. Na yi kwana bakwai ina kai injina wurin wani don kada mu haɗu. Ki riƙe wanda zai gaya miki magana mai ɗaci a ido, ko a wurin aiki ko a ina. Ba su da yawa. Ni ɗaya Allah Ya ba ni, na yi fushi da shi.

Ranar da abin ya faru kin ji ta daga bakin mutane, yanzu ki ji daga nawa. Talata ce, farkon damina. Na fita da sassafe da fasinja zuwa tsibirai. Da zan fita na ga tana zaune a bakin murhu, ta jingina da bango, ƙafafunta sun kumbura. Na ce, "Lafiya?" Ta ce, "Gajiya ce, ka tafi kada su jira." Na tafi. Gwaggonki Kulu ta ce da hantsi ta leƙo aron rariya, ta same ta kwance a gefen banda, kifi yana ƙonewa. Ba wanda ya san tun yaushe. Agogon da aka ce yana sanin faɗuwar mutum, ya kira waya, yana hannuna a tsakiyar tafki, ina nuna wa wani Bafillace yadda ake ganin gabas. Shi ne ma ya yi karkarwa ya gaya mini Kulu tana kira. Na duba na ce mata ce, ta jira in sauke fasinja.

Ban ce da agogon yana hannunta da ba ta mutu ba. Rai na Allah ne, kwana in ya ƙare ya ƙare. Malamai sun gaya mini haka a zaman makoki, na gyaɗa kai. Amma na gano wani abu, mutum irina yana son wannan magana fiye da kima, domin tana wanke shi. Ajali gaskiya ne. Cewa na hana ta sababi shi ma gaskiya ne, kuma wannan ni za a tambaya, ba agogo ba.

Kin iso washegari, an riga an kai ta. Kafin ki shigo na cire agogon, na goge, na sa a cikin kwanon kayanta kamar can yake. Na ɗauka na yi dabara. Sai shekaranjiya a hanyar dawowa daga Yelwa na zauna na yi tunanin da ya kamata in yi tun shekara biyu. Innarki ta rasu da hantsi. Ni ban cire agogon ba sai washegari da safe. Ke nan kina cikin mota kina kuka, an ce miki Inna ta rasu, wayarki kuwa tana nuna miki zuciyarta tana bugawa lafiya lau. Lokacin da ake yi mata salla tana bugawa. Lokacin da ake zuba ƙasa tana bugawa. Ke ma'aikaciyar jinya ce, ba ki buƙatar a yi miki bayani.

Da aka yi bakwai na tambaye ki, da wannan bakin nawa mara kunya, wai agogon bai nuna komai ba? Kika sunkuyar da kai kika ce, "Ina ga lalacewa ya yi, Baba." Na ji sanyi a raina. Na ce Allah Ya rufa asiri. Ban gane ba a lokacin, ashe ba Allah na gode wa ba, shirunki na gode wa. Muryar da kika faɗi maganar da ita, muryar Innarki ce sak, ranar da ta ce kasuwa take zuwa.

Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, kuma shi ne babban abin da nake so ki ɗauka daga wasiƙar nan, ko kin watsar da sauran. Kin gaji haƙurinta, kin gaji hannunta wajen girki, ban ƙi ba. Kada ki gaji wannan. Wata rana za ki yi aure, za ki yi shugaba a wurin aiki, za ki zauna da manya masu son a ga abu a hannunsu. Za su yi kuskure su dube ki, irin duban da na yi wa Innarki a tsakar gida, suna jiran ki ce na'ura ce ta lalace. Kada ki ce. Ki faɗa da ladabi, ki durƙusa in kin ga dama, amma ki faɗa. Kunyar da za ta sa ki haɗiye gaskiya don fuskar namiji, na ga inda take kai mace. Na kuma ci amfaninta shekara ashirin da tara, don haka na san mai ci ba ya ƙoshi.

Sauran ƙananan abubuwa kin fi ni sani. Ki riƙa cin abinci kan lokaci. Kada kallon lambobi a gilashi ya hana ki kallon fuskar mutum, domin ƙafar Innarki ta kumbura a gabana ba tare da wani agogo ba, ido kawai ake buƙata. In kin kira tsohuwa a waya ta ce lafiya lau, ki ce a ba ki maƙwabciyarta.

Jiya na je wurin Bulus na gaya masa duka. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya dai matsa mini a benci na zauna. Na gaya wa Kulu, ta yi kuka, ta ce ba za ta yi mini magana ba sai ta huce, tana da gaskiya. Saura ke.

Agogon yana hannuna yanzu da nake rubutu, na yi masa caji. Wannan karon ba zan ɓoye shi ba, ba kuma zan nuna wa kowa gabas ba. Abin da kike gani a wayarki ni ne, ba wani ba. In ya yi ja zan tafi Yelwa a ranar, ko jirgi ya cika da fasinja, na yi wannan alkawari. Zan ba direban motar albasa wasiƙar nan gobe, ya ce Juma'a da hantsi za ta isa hannunki. In kin duba a lokacin kika ga bugun ya yi sauri, kada ki tsorata, ba ciwo ba ne. Ina zaune ne a bakin ruwa da waya a cinya.

Ban roƙi ki ce kin yafe ba, ban kai nan ba tukuna. Ki kira ki faɗi abin da kika haɗiye shekara biyu, duk yadda ya fito, ba zan katse ki ba. In ba za ki iya Juma'ar nan ba, akwai wata. Abu ɗaya ne ba na so, kada ki kira ki ce mini ba komai.

Allah Ya jiƙan Hajara, Ya haskaka kabarinta, Ya ba ta a can abin da na hana ta a nan. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya sa hannunki ya zama sanadin lafiyar iyayen wasu, Ya haɗa ki da wanda zai bar miki abin da aka ba ki. Amin.

Ni ne mahaifinki, in har yanzu kin yarda,
Ummaru.